Kira a Cikin Gajimare

Gomari, Maiduguri

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da ƙarfin ƙafa da sakin numfashi. Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya kai ki gindin dutsen nan lafiya, Ya sauko mana da ke lafiya. Mamanki tana gaishe ki. A yanzu haka tana tsakar gida tana soya miki dambun nama, tana mitar cewa duk ƙasashen duniya ba ki ga inda za ki je hutu ba sai inda ake wahala da gangan.

Zan sa takardar a aljihun ciki na rigar sanyinki, domin na san ba za ki taɓa rigar ba sai kin sauka a Tanzaniya, kin ga Kilimanjaro da idonki. A can nake so ki karanta, kafin ki ɗaura takalmi.

Aikin jarida ya koya mini in fara da kan labari, to ga shi. Ke ba kya amsa kira idan ba ki ga mai kiranki ba. Ni na koya miki hakan, kuma a kan dutse wannan ɗabi'a tana iya kashe ki.

Shekaranjiya kina ɗaki kina haɗa kaya, ni ina zaure. Na ce, "Yagana!" Shiru. Na sake kira, shiru. Can sai labule ya motsa, ido ɗaya ya leƙo, kika tabbatar ni ne, sannan kika ce, "Na'am, Baba." Na tabbata ba ki ma san kin yi ba. Da yamma kuma kika kunna mana saƙon da jagoranku ya aiko ta waya, inda yake bayanin cewa idan gajimare ya rufe hanya, yakan tsayar da tafiya ya kira sunan kowa, ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba a bazu nemansa. Mamanki ta ce, "To ai shi ke nan, sun yi asarar Yagana tun ba a fara ba." Kuka yi dariya, ke da ita. Ni kuwa sai na tashi na nemo takarda.

Ba na shakkar shirinki. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, ɗan Maiduguri bai san hawa ba sai na matakalar bene, amma kin yi iya yinki. Ban manta ranar da kika cika jakar goyo da shinkafa, kika goya ta a ƙarƙashin hijabi, kika nufi unguwar Jiddari Polo da sassafe don ki saba da nauyi ba. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya tsallake kwata. Mata suka janye 'ya'yansu cikin gida. Titi ya zama wayam, ke kaɗai kina tafe kina mamakin inda mutane suka shiga, har 'yan sintirin unguwa suka daka miki tsawa daga nesa, suka sa ki durƙusa ki zazzage jakar. Da shinkafa ta zubo, ɗayansu ya gane ki, ya ce, "Anti Yagana, ke ce? Wallahi saura ƙiris!" Da kika ce shirin hawa dutse kike yi, ya ce, "Wane dutse kuma a Maiduguri?" Tun daga ranar kika koma zagaya tsakar gida da hawa benen asibitin da kike aikin jinya. Wadda ta yi shiri a irin wannan gari ba a koya mata juriya. Abin da ya rage in ba ki shi ne kurakuraina, don kada ki maimaita su.

Na taɓa hawa dutse sau ɗaya. Ina saurayi, sabon shiga aikin jarida, editana ya tura ni duwatsun Gwoza in rubuto labarin manoman da ke yanka jikin dutse hawa-hawa suna shuka dawa. Wannan tun kafin fitina ne, lokacin da baƙo zai hau can a ba shi tuwo da wurin kwana ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba. Aka haɗa ni da wani manomi mai suna Dauda ya yi mini jagora. Na zo masa da sabon takalmin fata mai ƙyalli, wanda na saya musamman don a san ɗan birni ya zo. Shi kuwa takalmin taya ne a ƙafarsa. Ya dubi ƙafata ya ce, "Malam ɗan jarida, ɗaurin aure za mu je ne?"

Kafin hantsi dugadugaina sun sale. Dauda yakan waiwayo ya ce, "Lafiya?" in ce, "Lafiya lau." Haka muka yi ta yi, har sai da ya ga jini a kan dutsen da na taka. Ya zaunar da ni, ya cire takalmin da kansa, ya ce, "Ku mutanen birni, ko a makara aka ɗauko ku, aka ce yaya jiki, lafiya lau za ku ce."

Takalminki kin riga kin tattaka shi ya yi laushi, wannan kin fi ni wayo. Amma "lafiya lau" ɗin nan tana bakinki, kuma shekarun nan sun ninka mana ita. Mun faɗe ta hayaƙi na tashi a bayanmu. Mun faɗe ta muna dawowa daga maƙabarta. A can sama iska tana raguwa, kuma ciwon da take kawowa yana farawa ne da abin da ɗan Maiduguri ba ya ƙirgawa cikin ciwo: ɗan ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi. Kin fi ni sanin wannan a karatu, sai dai na lura ma'aikatan jinya su ne marasa lafiya mafi taurin kai. Idan jagora ya tambaye ki jiki, ki ba shi amsa irin wadda kike so majinyaci ya ba ki. Idan ya ce ki sauka, ki sauka. Babu kunya a ciki. Dutsen ba ya zuwa ko'ina.

Kuskure na biyu a ranar na yi shi, kuma shi ne ya fi tsaya mini. Da damina ne. Bayan azahar mun kai wani wuri mai faɗi, Dauda ya ce in jira shi zai leƙa gonar ƙaninsa. Na hango wani rumbu a kan fa, na ce wannan hoto ne na shafin farko, na bar hanya na nufe shi. Ban kai ba gajimare ya sauko. Ke ba ki taɓa shiga cikin gajimare ba. Ba duhu ba ne, fari ne fat, amma ko tafin hannunki sai kin kawo shi kusa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda sauti ya ɗauke. Kukan awaki, muryoyin mata a gona, duk suka tafi, kamar an kife ƙwarya a kaina.

Sai na ji an kira sunana, "Modu."

Kakarki, Allah Ya jiƙanta, ta sha gaya mana muna yara cewa idan mutum yana daji, ko kusa da tsamiya, ko a kan dutse, ya ji an kira sunansa bai ga mai kiran ba, kada ya amsa, domin wanda ya amsa ya tafi ke nan. Na yi makaranta, na karanta littattafai, na yi wa maganar dariya a gaban abokai. Amma a ranar harshena ya manne. Muryar ta sake zuwa, daga gabana, ƙasa-ƙasa, a natse, kamar ta wanda ya san ni tun ina goye. Ban amsa ba. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce, na fara takawa a hankali zuwa inda take fitowa, don in ga mai ita tukuna.

Aka fizgo rigata ta baya har na faɗi zaune. Dauda ne, yana haki. Muna nan zaune iska ta ɗan yaye gajimaren, na ga inda ƙafata ta tsaya. Gabanta babu komai sai sarari, can ƙasa kuma kawunan bishiyoyi kamar ganyen yakuwa a faranti.

Ya ce, "Ina ta kiranka kana jina, ka yi shiru! Kurma ne kai?"

Na ce masa daga gaba na ji kiran. Ya ce dutse yakan mayar da murya, ta fito ta inda ba a yi ta ba. Na karɓi wannan bayani, domin yana da ma'ana, har yau ma ina karɓarsa. Abu ɗaya ne kawai ban sami inda zan ajiye shi ba. Dauda bai san sunana ba. "Malam ɗan jarida" yake kirana tun daga gindin dutse har muka rabu.

Da na ba shi labarin maganar kakarki, bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsohuwarka rabin karatun ta ba ka. Mu a nan, in an kira ka, ka amsa da ƙarfi, sannan ka zauna inda kake. In mutum ne, zai bi muryarka ya same ka. Wanda ba mutum ba, shi ne yake so kai ka je wurinsa."

Ki lura da abin da na yi: na yi shiru, kuma na bi. Na haɗa munanan biyun. Shi ne kuma abin da kike yi a bakin labule.

Da na riƙe karatun Dauda, da wasiƙar nan ta ƙare a nan. Ban riƙe ba. Na sauko, na rubuta labarin manoma, aka buga, na manta.

Kuskure na uku kina wurin, amma kina yarinya, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba. Lokacin ne da aka katse layukan waya a garin nan, dokar hana fita kuma tana farawa tun rana ba ta faɗi ba. Kin san yadda mutanen nan masu bindiga suke yi a lokacin. Sukan zo ƙofar gida su yi sallama, su kira mutum da sunansa kamar abokai, yana fitowa su harbe shi. Wani lokaci sukan taso wanda ka sani a gaba, su sa shi ya yi kiran. An yi wa ma'aikatan gwamnati haka, an yi wa malamai, an yi wa wani abokin aikina. Ni kuwa kowa a unguwa ya san aikina.

Ƙanena Bukar, wanda kike kira Baba Gana, yana unguwar Bulabulin a lokacin, yana fataucin shanu. Ya tafi kasuwar ƙauye sayen dabbobi, kwanaki suka wuce ba labari, ba kuma wayar da za a kira. Ran nan bayan la'asar muna tsakar gida, rana tana nan sarai, titi ya mutu saboda doka. Ko kaza ba ta motsi. Sai muka ji daga bayan ƙofa:

"Yaya."

Muryarsa ce. Da ɗan karkacewar nan tasa, kamar mai shirin roƙon wani abu. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a taɓa ƙofar ba. Kika miƙe da murna, kika buɗe baki za ki ce "Baba Gana!" Na toshe miki baki da tafin hannuna. Har yau ina jin ɗumin numfashinki a wurin. Mamanki ta kalle ni, na girgiza mata kai.

"Yaya. Yaya Modu."

Ya yi ta kira, ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Daga baya ya daina. Ban ji takun tafiya ba, kuma na kasa kunne sosai.

Da safe na buɗe ƙofa. Yashin ƙofar gida yana riƙe sawu, kin sani. Na ga na awaki, na ga na ƙadangare. Ban ga na mutum ba, amma an yi iska da asuba, saboda haka wannan ba hujja ba ce.

Na bincika kamar yadda aka koya mini. Wani direban motar shanu ya rantse mini cewa an tare su a hanya tun kafin wannan rana, an sauke Bukar da wasu, an shiga da su daji, ya ji harbi. Mai shayin bakin titinmu, wanda ya san Bukar kamar yunwar cikinsa, shi ma ya rantse cewa ya gan shi a wannan yammacin yana tafe zuwa layinmu, ba hula, ba takalmi, ya yi masa magana bai waiwayo ba. Majiya biyu, kowacce ta rantse, kowacce ta ƙaryata ɗayar. A ɗakin labarai irin wannan ba a bugawa, ajiyewa ake yi sai an sami ta uku. Ta ukun ba ta zo ba. Bukar ma bai zo ba.

Ba na cewa da na buɗe ƙofa. Wataƙila da na buɗe, da ke da mamanki kun yi zaman makoki biyu. Ƙin buɗewa yana da hujja. Amma katangarmu ta bulo ce, ƙofar ta ƙarfe. Ina iya tsayawa a bayan katanga in ce, "Na'am, Bukar. Kai kaɗai ne?" In shi ne, da ya san yayansa ya ji shi. In da wasu a bayansa, da wataƙila ya sami hanyar sanar da ni. Amsawa daban, buɗewa daban. Dauda ya raba mini su a kan dutse, tsoro ya sake haɗe mini su a gidana.

Kuskure na huɗu shi ne wanda ya shafe ki kai tsaye. Bayan wannan rana na mai da shiru doka a gidan nan. Kin tuna da mai ruwa ya kira daga waje kika ce "Na'am", na daka miki tsawar da ta sa kika saki kwano? Kin yi kuka, ban rarrashe ki ba, don ina so abin ya zauna. Ya kuwa zauna. Gari ya ɗan lafa, an mayar da waya, an sassauta doka, kin girma kin zama mai riƙe ran wasu a hannu, amma hannuna yana nan a bakinki. Da wannan takarda nake ɗauke shi.

Ga abin da nake so ki yi. Ranar farko, tun kuna cikin kurmin gindin dutse, kafin ku kai inda gajimare yake, ki ja jagoranku gefe ki gaya masa gaskiya. Ki ce kin fito daga garin da aka koya wa yara kada su amsa kira, saboda haka in ya kira bai ji ki ba, kada ya ɗauka kin yi gaba, ya dawo ya duba. Ba sai kin ba shi tarihi ba. Ki roƙi abokiyar aikinki da za ku kwana tanti ɗaya ta riƙa kiranki ta baya ba zato, kina amsawa, har bakinki ya riga tunaninki. Za ta yi miki dariya, ki bar ta ta yi. Usur ɗin da na ga kin jefa can ƙasan jaka, ki ciro shi ki rataya a wuya. Kada ki zama ta ƙarshe a layi, kada kuma hoto ya fitar da ke daga hanya. Na ga rumbun da ya fi kowanne kyau, ban kuwa ɗauki hotonsa ba.

Saura abu ɗaya. Na karanta labaran mahaya duwatsu da dama tun da kika fara maganar tafiyar nan. Da yawansu sun ce a can sama sosai sun ji ana kiransu, wasu sun ji kamar wani yana tafe a gefensu, wasu sun ji muryar wanda ya daɗe da rasuwa. Likitoci sun ce ƙarancin iska ne yake taɓa ƙwaƙwalwa. Na yarda da su. Amma na san muryar da kike ɗauke da ita, domin ke ce kika buɗe baki za ki amsa mata aka hana ki. Idan fari ya rufe ki, sauti ya ɗauke, kika ji Baba Gana ya ce "Yagana" daga wani gefen da ba hanya ba, kada ki yi shiru, kada kuma ki ɗaga ƙafa ki je dubawa. Ki ce "Na'am" da dukkan ƙarfinki, ki zauna a inda kike, ki busa usur. Wanda ya zo ya dafa kafaɗarki, shi ne naki. Ki gaya masa abin da kika ji, ki bar shi ya sauko da ke, domin alama ce jikinki ya kai iyakarsa.

Ba na ba da shawarar da ban gwada ba. Tun daga waccan shekara, nakan ji kiran nan jefi-jefi, kullum bayan la'asar, idan layi ya yi tsit. Na san abin da likita zai ce, kuma ba zan yi masa gardama ba. Jiya kina wurin aiki kina sallama da mutanenki, na ɗauki kujera na zauna a bayan ƙofa. Rana tana kan katanga. Ya zo kamar yadda ya saba, a natse.

"Yaya."

Na ce, "Na'am, Bukar. Ina nan."

Ban tashi ba, ban buɗe ba. Na zauna ina jira, kamar yadda Dauda ya ce. Ba wanda ya zo. Amma ba a sake kira ba, kuma a da ba ya tsayawa a ɗaya.

Mamanki ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta ce, "Malam, da wa kake magana?"

Na ce, "Da Bukar."

Ta dubi ƙofar. Sannan ta ce, "To ka gaya masa Yagana za ta yi tafiya, ya sa ta a addu'a." Ta koma wurin tukunyarta.

Gobe jirginku zai bi ta kan rufinmu, kamar kowane jirgi da ke tashi daga garin nan, zan kuma fito tsakar gida in bi shi da ido. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa. Ya daidaita miki sawu, Ya buɗe miki ƙirji, Ya haɗa ki da jagora mai amana da abokan tafiya masu waiwaye. Ya kare ki daga sanyi da santsi, da abin da ake gani da wanda ba a gani. Ya jiƙan Bukar in ya riga mu, Ya dawo da shi in yana raye.

Ranar da kika dawo, kada ki bugo waya daga filin jirgi, kada ki ƙwanƙwasa. Ki tsaya a bayan ƙofa ki ce "Baba." Zan amsa tun kafin in gan ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Modu